Mako biyu a sansanin coci ya isa koyon sautin fim?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko horon mako biyu a sansanin coci zai sa ka iya ɗaukar sautin fim. Zai ɗora ka kan hanya dai, ƙwarewa kam sai a hankali.

Ni a Jos na yi nawa. Ranar farko aka miƙo mini sandar makirfo, aka ce in riƙe ta saman kan mai magana, kada ta leƙo cikin hoto. Kafin minti 5 kafaɗa ta ɗau zafi.

Kada ka cire abin ji daga kunne. Ƙarar janareta da amsa-kuwwar majami'a su suka fi ɓata aiki, gyaransu wajen tacewa, wato harhaɗa fim bayan an gama ɗauka, wahala ne. Bayan kowace fitowa, ka sa kowa ya yi tsit, ka naɗi sautin ɗakin na daƙiƙa 30, don zai yi amfani wajen tacewa.