Mai gyara ya kashe mini sabunta Windows, ya ce maganin bairos ya isa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shago a wani ƙauye kusa da Ringim, inda nake yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, kuma kwamfutata cike take da hotunansu da lambobinsu na NIN. Mai gyara ya kashe mini sabunta Windows wai yana cinye data, ya saka maganin bairos ya ce ya isa. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, da gaskiyarka, domin babu gurguwar shawarar da nake cin karo da ita kullum kamar wannan. Sabuntawar da Microsoft ke fitarwa a Talata ta biyu ta kowane wata ɓaraka take toshewa, kuma da zarar an bayyana ɓarakar, 'yan kutse sun san inda za su lalubo a duk kwamfutar da aka bari haka nan. Maganin bairos ba ya ɗinke abin da ya yage a jikin Windows, tamkar mai gadi ne a ƙofar gidan da katangarsa ta zube ta baya. A watan Mayun 2017 wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin Ingila, tana neman kuɗin fansa, alhali tun watan Maris aka fitar da gyaran, mutane ne kawai ba su sauke ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, maganin da masu gyara ke kwafowa daga filash ɗin da ya zaga kwamfutocin kasuwa sau da yawa na sata ne, wani lokacin ma shi ke shigo da cutar.

Ka cire shi, ka bar Microsoft Defender, maganin bairos ɗin da ya zo da kwamfutar, ka mayar da sabuntawa, ko da sai da datar dare mai rahusa za ka riƙa saukewa. Ka duba wace Windows ce, domin an daina tallafa wa ta 7 tun Janairun 2020, ta 10 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025.

Idan kana da yaron shago, ka buɗe masa nasa asusun a kwamfutar wanda ba shi da ikon saka manhaja. Lambobin NIN kuwa amanar mutane ce, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta hau kan mai riƙe da su, saboda haka duk wanda aka kammala wa rajista ka goge nasa.