Me ya sa kwamfuta ke cijewa idan na nemi sunan Sa'adu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke riƙe da rajistar ɗaliban wata Islamiyya a Unguwar Rogo, nan Jos. Ƙanena ne ya zuba mana sunayen a SQLite, wata manhajar ajiye bayanai, kafin ya tafi bautar ƙasa, ya koya min rubuta umarni a baƙin allon nan. Amma duk lokacin da na nemi ɗalibi mai suna Sa'adu sai abin ya cije, ya riƙa nuna min ...> kawai. Gyara kuwa tsoron taɓawa nake yi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau, jiranka take yi ka ƙarasa magana. A yaren SQL, rubutu yana shiga ne tsakanin alamar ' guda biyu, ɗaya ta buɗe, ɗaya ta rufe. To shi Sa'adu yana ɗauke da irin wannan alamar a cikinsa. Da ka rubuta 'Sa'adu', manhajar ta ɗauka sunan ya ƙare a Sa, alamar ƙarshe kuma ta buɗe wani sabon rubutun da ba ka rufe ba. Idan ka maƙale, buga '; wato alamar ' da ; a bayanta. Ka danna Enter. Za ta ce ka yi kuskure, amma za ta sake ka. Maganin shi ne ka ninka alamar:

SELECT * FROM dalibai WHERE suna = 'Sa''adu';

Haka za ka yi wa Mu'azu da Asma'u da Ja'afaru. Ba mu kaɗai ba ne, mutanen Ayalan masu suna irin O'Brien sun daɗe suna shan wannan wahala.

Tsoron da kake ji na gyara kuwa, ni ban ga laifinsa ba. Umarnin UPDATE (gyarawa) ko DELETE (gogewa) idan babu WHERE (mai nuna wa ake nufi) a bayansa, kowane ɗalibi zai shafa, kuma ba zai tambaye ka ko ka tabbata ba. Ka tashi mayar da yaro ɗaya aji 4, sai ka wayi gari makaranta gaba ɗaya tana aji 4, har 'yan haddar.

Don haka kafin ka taɓa komai, buga .backup ajiya.db, ka kwafe fayil ɗin a filashi. Sannan ka fara da BEGIN. Wato ka ce mata duk abin da zai biyo baya na gwaji ne tukuna:

BEGIN;
UPDATE dalibai SET aji = 4 WHERE lamba = 127;
SELECT changes();

Na ƙarshen zai faɗa maka layi nawa aka sauya. Idan ka ga 1, buga COMMIT; ya zauna. Idan ka ga 300, buga ROLLBACK; ka danna Enter. Komai ya koma yadda yake. Ko wuta aka ɗauke kafin COMMIT, rabin gyara ba zai zauna ba.

Ka lura da lamba na yi gyaran, ba da suna ba, don da wuya a ce Sa'adu ɗaya ne a makarantar. Sunayen dalibai da aji da lamba kuma misali ne nawa, buga .schema ka ga waɗanda ƙanenka ya sa. Kana nan ka duba gurbin lambar wayar iyaye. Idan INTEGER (lamba) ya sa maimakon TEXT (rubutu), sifilin farko na 0803 zai riƙa ɓacewa.