Yaya Ake Koyon Fitar da Lotsewar Mota Ba Tare da An Taɓa Fenti Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai gyaran jikin mota ne a Kaduna, shekara tara ke nan ina buga ƙarfe, in shafa fila, in goge, sannan in miƙa wa mai fenti. Na sha ganin bidiyon masu gyara a ƙasashen waje suna fitar da lotsewa daga ƙofar mota da sandunan ƙarfe da fitila kawai, fentin yana nan yadda yake. Shin aikin gaskiya ne ko dabarar ɗaukar hoto ce? Idan gaskiya ne, ta ina zan fara, wane kaya zan saya, kuma wata nawa zai ɗauke ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Aikin gaskiya ne, kuma sana'a ce mai zaman kanta wadda a kasuwar duniya aka fi sani da taƙaitaccen sunanta na Turanci, PDR, wato fitar da lotsewa ba tare da sake fenti ba. Labarin da aka fi bayarwa game da asalinta shi ne na Oskar Flaig, ma'aikacin kamfanin Mercedes, wanda a 1960, a wajen wani baje kolin motoci a birnin New York, ya riƙa tura ƙananan lotsewa daga ciki da ƙotar guduma domin ya rage wa kansa aikin fila, wato ƙullun da ake cike lotsewa da shi kafin fenti, sai ya ga ƙarfen ya koma daidai. Abin da ya bunƙasa sana'ar kuwa ƙanƙara ce. A Jamus da Ostareliya da jihohin Amurka irin su Texas da Colorado, ruwan ƙanƙara kan bar ɗaruruwan ƙananan ramuka a rufin mota guda, kuma kamfanonin inshora sun gano cewa tura su ɗaya bayan ɗaya ya fi sake fentin motar sauƙin kuɗi. A wajenmu, in ban da wurare irin su Jos inda ƙanƙara kan sauka jifa-jifa, aikin da za ka fi samu shi ne na ƙofar da aka buga a wurin ajiye motoci, da gefen da babur ko adaidaita sahu ya dungura.

Dalilin da ya sa aikin yake yiwuwa yana cikin kayan da aka ƙera motar da su. Kaurin ƙarfen jikin motocin zamani bai kai milimita 1 ba, yawanci yana wajen 0.7 zuwa 0.8, kuma tun da injin matsa ƙarfe ne ya ba shi siffarsa a masana'anta, yana da saurin komawa ga wannan siffa idan aka sassauta abin da ya riƙe shi. Fentin kamfani shi ma, wanda kaurinsa duka bai cika wuce maikiron 100 zuwa 150 ba (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya), an gasa shi da zafi, yana iya lanƙwasa tare da ƙarfen ba tare da ya tsage ba. Saboda haka aikinka shi ne ka mayar da ƙarfen wurinsa da ƙananan turi masu yawa, kowanne bai fi girman ƙwayar gero ba. Gudumar da ka saba da ita da ƙarfin damtsen da shekara tara suka ba ka su ne za su fi ba ka wahala a watannin farko, domin a aikin da ka sani fila tana rufe kuskure, a nan kuwa babu abin da zai rufe maka.

Abu na farko da za ka koya shi ne karanta haske, kuma ina ganin wanda ya tsallake wannan darasi kuɗin kayan aikinsa ya tafi a banza. Ana kafa allo mai layuka baƙi da fari, ko baƙi da rawaya, ko kuwa doguwar fitila, a can ɗaya gefen lotsewar, kai kuma kana wannan gefe kana kallon hoton layukan a jikin fentin kamar yadda ake kallon madubi. Inda ƙarfe yake daidai, layukan za su tafi a miƙe. Inda ya faɗa ciki za su buɗe su yi nesa da juna, inda ya tasa kuma za su matse su haɗe. Ba ka ganin bakin sandarka, domin yana bayan ƙarfen, saboda haka da motsin waɗannan layuka kaɗai za ka san inda yake. Idan ka gama daga kusurwa ɗaya, dole ne ka matsar da allon ka duba daga wata, domin ramin da ya ɓace daga gabas yakan bayyana daga kudu.

Kada ka fara da motar kowa. Ka je kasuwar Panteka ka sayi tsohon bonet da ƙofa ɗaya ko biyu masu fentin kamfani, zai fi kyau su kasance baƙaƙe ko masu duhun launi domin sun fi nuna haske, ka ɗaure su a kan teburi yadda ba za su motsa ba. Ka zana ƙananan ɗigo da alƙalamin allo a saman fentin, sannan ka zura sanda ta ƙasa, ka riƙa jan bakinta a hankali har ka ga layukan sun motsa daidai kan ɗigon. Ka tura kaɗan har wurin ya ɗan tasa, sannan ka ɗauki ɗan sandan roba mai tsini da ƙaramar guduma mara nauyi ka mayar da tudun ƙasa har layin ya miƙe. Wannan atisaye yana da gundura, amma ka yi shi kullum na tsawon makonni kafin ka yi wa kanka lotsewa ta farko, wadda za ka iya yi da ƙwallon boris ko guduma mai zagayen kai. Ka fara da mai faɗin ƙwandala, mara zurfi, a tsakiyar fili, daga baya ka matsa zuwa masu tsawo da waɗanda suka faɗa kan layin jikin mota.

Akwai wani abu da masu koyo suke yawan mantawa. Duk lotsewa mai ɗan girma tana da tudu a gefenta, domin ƙarfen da ya faɗa ciki ya ture na kusa da shi waje, kuma wannan tudu shi ne yake kulle ramin. Idan ka dage kana tura tsakiyar ramin alhali tudun yana nan, ƙarfen zai ƙi tashi, kai kuma za ka ƙara ƙarfi har ka bar ƙuraje a fentin ko ka fasa shi. Sai ka fara sassauta tudun da ƙananan bugu daga waje, ka tura kaɗan daga ciki, ka sake komawa kan tudun, haka har wurin ya daidaita. Ɗumama fentin da na'urar hura iska mai zafi, daidai yadda tafin hannu zai iya jurewa, yana rage haɗarin tsagewa, musamman da safiyar hunturu.

Game da kaya, kada manyan akwatunan da ake tallatawa a intanet su ruɗe ka. Sanduna huɗu ko biyar masu tsawo da lanƙwasa daban-daban, da kawunan roba da ake sauyawa a bakinsu, da sanda ɗaya mai faffaɗan baki siriri don shiga ƙarƙashin ƙarafan da ke tallafe bonet, da ƙugiya ko zobe da za ka rataya sandar ta zama majingina, sun ishe ka shekarar farko. Sai abin buɗe tsakanin gilashi da ƙofa, da faifan roba da ake rufe gilashin da shi, domin gilashin gefe idan sanda ta danne shi tarwatsewa yake yi gaba ɗaya. Idan kuɗinka bai kai ba, ka fifita fitila mai kyau a kan yawan sanduna.

Inda sanda ba ta shiga, kamar ginshiƙan rufi da bakin ƙofa mai ƙarfe biyu, ana amfani da gam. A wanke wurin da sifirit, a ɗiga gam mai zafi a kan ɗan faifan roba, a manna a tsakiyar ramin, a jira ya ɗan huce, sannan a ja da abin ja na hannu ko guduma mai zamewa a kan sanda. Yawanci jan yakan ɗan wuce kima, sai a mayar da tudun ƙasa. A cire gam ɗin da sifirit, ba da wuƙa ba. A nan yanayinmu yana da tasiri: a watannin Maris da Afrilu, motar da ta yini a rana gam ba ya kama ta, don haka a shigar da ita inuwa ta huce, a kuma nemi irin gam ɗin da aka yi domin wuraren zafi, sannan ƙurar hunturu ko man goge mota da ya rage a fenti suna hana shi riƙewa.

Yanzu ga inda nake so ka fi mayar da hankali, wato sanin aikin da ba za ka karɓa ba. Motoci da yawa da ke yawo a titunanmu, musamman waɗanda aka shigo da su bayan an yi amfani da su a waje, an taɓa gyara su an sake musu fenti, kuma mai motar ba lallai ne ya sani ba. Fila ba ta lanƙwasa, tsagewa take yi idan aka tura ta daga baya, kuma gam yakan ɓamɓaro fentin da aka fesa a gareji ya taho da shi. Ƙaramar na'urar auna kaurin fenti za ta cece ka daga wannan rigima: idan sauran jikin motar yana nuna maikiron 120 amma ƙofar da aka kawo maka tana nuna 300 ko 500, an taɓa ta. Ko babu na'urar, maganaɗisu mara ƙarfi da aka naɗe a ƙyalle yakan saki inda fila ta yi kauri. Haka nan ka ƙi lotsewar da fentinta ya riga ya fashe, da wadda ta yi tsini da zurfi har ƙarfen ya jawu ya saki, wadda za ka gane ta idan ka danna wurin yana faɗawa yana dawowa kamar murfin gwangwani. Waɗannan na tsohuwar sana'arka ne, kuma nan ne ka fi wanda ya koyi PDR kaɗai, domin kana da hanya ta biyu da za ka ba mai mota.

Maganaɗisun zai kuma gaya maka ko alminiyam ne a gabanka, domin ba ya kama shi ko kaɗan. Bonet ɗin motoci da yawa na alminiyam ne, kuma kamfanin Ford ya mayar da jikin motarsa F-150 na alminiyam tun daga samfurin 2015. Alminiyam ba ya da saurin komawa siffarsa kamar ƙarfe, yana ƙara tauri yayin da ake tura shi, don haka ka bar shi sai hannunka ya faɗa.

Kafin ka zura sanda a ƙofa ko ƙarƙashin silin, ka san abin da ke ciki. Akwai wayoyin gilashi da na makulli, akwai na'urorin da ke jin karo, akwai jakar iska ta kariya da ke naɗe a gefen rufin motoci da yawa. A motoci masu haɗa fetur da lantarki, wayoyi masu launin ruwan lemo suna ɗauke da wuta mai kisa, kada ka kusance su. Huda rami domin sanda ta samu hanya abu ne da ban yarda da shi ba sai babu makawa kuma da izinin mai mota, kuma duk inda sanda ta kankare shafen kariya na cikin ƙarfe a fesa maganin tsatsa kafin a rufe. Shi kuwa ruwan zafi da ake nunawa a bidiyo, a bamba ta roba yake aiki, ba a ƙofar ƙarfe ba.

Batun lokaci, makarantun wannan sana'a a Amurka da Turai sukan ba da horo na 'yan makonni, amma wannan buɗe ido ne kawai. A nawa ganin, wanda yake ba atisaye awa ɗaya ko biyu kullum zai iya fitar da ƙananan ramukan ƙofa yadda za a biya shi bayan wata huɗu zuwa shida, lotsewar kan layi da manyan ramuka kuma su kai shi shekara biyu ko fiye. Idan ka ga ka shirya, ka fara da motarka ko ta ɗan'uwan da zai yi maka uzuri, ka ɗauki hoton wurin a ƙarƙashin allon layuka kafin aiki da bayansa, kuma ka nuna wa mai mota sakamakon auna fentin tun kafin ku yi ciniki.