Shafi yana neman Flash a kan tabulet ɗinka? Ga abin yi

Malam, ka ce kana buɗe wani shafi a tabulet, sai wurin bidiyon ya fito fayau, da saƙon cewa ka saka Flash Player, tsohuwar manhajar kunna bidiyo da wasanni a shafukan intanet. Tabulet ɗinka lafiyarsa ƙalau, shafin ne ya tsufa. iPad bai taɓa karɓar Flash ba, kamfanin Adobe mai Flash ɗin ya janye shi daga Android tun 2012, ya kuma binne shi gaba ɗaya a ƙarshen 2020. Shafukan yanzu da fasahar HTML5 suke aiki, burauza, wato manhajar buɗe shafuka, ita ce ke kunna komai da kanta.

Da farko ka sabunta burauzar, ka duba ko masu shafin suna da manhajarsu. Idan tsohon wasa ne ko zane mai motsi, ka ɗora Firefox a Android, ka ƙara masa Ruffle. Ruffle ƙari ne da ke kwaikwayon Flash, yana buɗe da yawa, amma wasu masu sarƙaƙiya za su tsaya a rabi ko su zo babu sauti. Chrome na Android ba ya karɓar irin wannan ƙari, kada ka wahalar da kanka.

Don Allah kada ka sauke wani fayil ɗin APK (fayil ɗin saka manhaja a Android) mai suna Flash Player. Yawanci manhajar sata ce, tana neman izinin karanta saƙonninka. Juya shafin zuwa fasalin kwamfuta ma ba ya magani, tsarin shafin kawai yake canjawa.

Idan kuwa shafin ofis ne ko na makaranta mai neman Java ko Silverlight, waɗanda su ma tsofaffin fasahohi ne irin Flash, ka sanar da ma'aikatan kwamfutarsu, gyaran a hannunsu yake.