Dizal ne ke cinye tayar gaba?

Ɗana, jiya da la'asar hannunmu duk baƙin mai ka jefo mini tambaya, na ce ka bari sai mun natsu. Ka ce Golf ɗin nan mai dizal da ke jigila tsakanin Katsina da Maraɗi, wata huɗu ke nan da sa mata tayoyin gaba, har waya ta leƙo ta gefen ciki, alhali na baya suna nan da zanensu. Direban kuma ya ce maka ai haka 'yar dizal take, cin taya halinta ne. Kana so ka san ko haka ne.

Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, sai dai ya haɗa zance biyu ya mai da su ɗaya. Taya ta yi saurin ƙarewa daban, taya ta ci gefe daban. Na farkon dizal yana da hannu a ciki. Na biyun kuwa, ruwa ba ya tsami banza, akwai abin da ya lalace ko ya goce a ƙafar motar, kuma nemo shi aikinmu ne.

Bari mu fara da inda ya yi gaskiya. Injin dizal ba shi da fulogin da zai tayar da wuta. Matse iska yake yi har ta yi zafin da mai zai kama da kansa. Injin 1.9 TDI da ke cikin Golf ɗin nan yana matse iska sau 19 da rabi, na fetur mai 1.8 kuwa wajen sau 10. Ƙarfen da zai jure wannan matsi dole ya yi kauri: bulok, fistin, kiranshaf, duka. Ka ƙara da famfon mai, da turbo, da babban batir, da kik mai ƙarfi. In ka tara za ka samu ƙarin nauyin da ya kai buhun siminti, wani lokaci ya fi, kuma kusan dukkansa a kan tayoyin gaba yake zaune dare da rana.

Sai ƙarfin murɗa. Motocin nan biyu a takarda duk doki 90 ne, amma a ma'aunin ƙarfin murɗa, wato Nm, mai fetur tana ba da 145 Nm sai injin ya kai juyi 2,500 a minti, mai dizal kuwa 202 Nm take bayarwa tun a juyi 1,900. Wato daga sakin kuloci ƙarfin ya riga ya iso ƙafa. Direban da ya saba da fetur, ya saba danna totur kafin mota ta amsa, in ya hau dizal da wannan ƙafar, duk tashin da zai yi sai ya kankare ɗan roba a kwalta ko da bai ji ƙara ba. Kuma motar da ƙafar gaba take ja. Tayoyin nan biyu su ne ke jan mota, su ne ke juya ta, su ne ke ɗaukar mafi yawan birki, su ne kuma ke ɗauke da injin. Na baya rakiya kawai suke yi. Don haka in ka ga na gaba sun riga na baya ƙarewa, kuma sun suɗe bai ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan, babu laifin kowa. Maganinsa musanya su da na baya a kan lokaci, da direba ya sassauta ƙafa.

Amma tayar da ka nuna mini ba haka ta ci ba. Gefen waje yana da zane mai kyau, gefen ciki ya zama kamar tafin hannu. Wannan ba dizal ba ne ya yi shi. Abin da dizal ya yi shi ne ya hanzarta shi, domin matsalar da za ta daɗe kafin ta nuna a motar fetur, a nan ta fi saurin fitowa.

Ina so ka koyi karanta taya kafin ka taɓa sifana. Na ga kana da saurin cewa a kai alaimen, wato a daidaita saitin ƙafafun mota a kan na'ura, kuma yawancin yara haka suke. Ka tsuguna tukuna. Ka sa a murɗa sitiyari har ƙarshe don faɗin tayar ya fito maka gaba ɗaya, saboda gefen ciki shi ne wanda ba a gani in mota tana tsaye, shi ya sa yake kai mutane ga fashewar taya a kan gudu. In gefe biyu sun ci, tsakiya ta rage, iska ce ta yi kaɗan. In tsakiya ce ta ci, iska ta yi yawa. In ka ga ci rami-rami a kewaye, wuri ya lotsa wuri ya tashi, shokozoba ya mutu taya tana tsalle, ko kuma ba a yi balansin ba. Waɗannan ba su da wuyar ganewa.

Mai wuyar shi ne cin gefe ɗaya, domin abu biyu ne ke kawo shi, kuma ido kaɗai ba ya raba su. Sai da hannu. Ka shafa tafinka a kan faɗin tayar daga waje zuwa ciki, sannan ka dawo daga ciki zuwa waje, a hankali don kada waya ta yanke ka. In ta wani ɓangaren ka ji santsi, ta ɗayan kuma ka ji kaifi kamar haƙoran zarto, to tayoyin ba sa kallon gaba sak. Ko dai bakinsu ya buɗe suna kallon waje, wanda ke cin gefen ciki, ko sun tsuke suna kallon juna fiye da kima, wanda ke cin gefen waje. In kuwa santsi ne ta ko'ina amma gefe ɗaya ya fi sauka, tayar ce ta kwanta. Ka tuna mutum mai gwame, gwiwa a haɗe ƙafa a buɗe, ka dubi inda takalminsa ke fara cinyewa. Haka taya take in samanta ya karkata ciki.

Kada ka raina milimita. Bari in yi maka lissafin da ya sa ni kaina na daina raina ta. Rim mai inci 14 faɗinsa wajen milimita 356 ne. In tsakanin gaban rim da bayansa an samu gocewar milimita 3 kacal, to a kowace kilomita ɗaya tayoyin nan biyu ana jan su a kaikaice kusan mita 8 tsakaninsu. Daga Katsina zuwa Kano kusan kilomita 170 ne. Ka ga a zuwa ɗaya an goga su a kwalta ta gefe fiye da kilomita guda, ga nauyin injin dizal yana danne su, ga zafin kwaltar watan Afrilu. Wace roba ce za ta jure?

Yanzu ga abin da na fi so ya zauna maka. Alaimen ba ya zama a kan ƙafar da ke da wasa. Lokacin da nake kamarka, an kawo wata mota mai irin wannan ciwon, na sa aka daidaita ta, mai ita ya sayi tayoyi biyu sababbi da kuɗin da na san ya sha wuya kafin ya tara. Bai cika wata uku ba ya dawo da su sun ci kamar na farko. Maigidana, Allah ya jiƙansa, bai yi mini faɗa ba. Liba ya ɗauka ya sa a bushin ɗin lowa am, wato robar da ke jikin hannun ƙasa mai haɗa ƙafa da jikin mota, ya danna, sai ga hannun yana tafiya gaba da baya kamar ba a ɗaure yake ba. Har yau ina jin nauyin kuɗin mutumin nan. Abin da ke faruwa shi ne, a kan na'ura mota tana tsaye, komai yana nuna daidai. Da ta hau hanya aka ba ta wuta, tayoyin sai su ja kansu gaba su tsuke. Aka taka birki, sai su koma baya su buɗe. Bushin mai lafiya yana riƙe wannan motsi. Wanda ya tsage ba ya riƙe komai, kuma ƙarfin murɗar dizal shi ne ke saurin kashe shi, balle in baƙin mai ko dizal yana ɗiga a kansa, domin mai yana narkar da roba.

Saboda haka tsarin aikin ke nan a garejin nan. Ka ɗaga mota a jak, ka sa mata abin tokare, kada ka taɓa shiga ƙarƙashinta a kan jak kaɗai. Ka kama taya dama da hagu ka girgiza. In akwai wasa, tairod ne ko rak ɗin sitiyari. Ka kama sama da ƙasa. In ta amsa, boris ne ko boljoyin. Ka bi bushin ɗaya bayan ɗaya da liba. Ka dubi shokozoba ko yana zubar da mai, ka dubi robar da ke samansa. Sai ka sauke motar a wuri mai lebur, ka auna da tef daga tsakiyar rim zuwa bakin bodi, dama da hagu.

Wannan awon na ƙarshe yana da dalili. Sifirin ɗin gaba na motar dizal ba ɗaya ba ne da na fetur, ko da a ido sun yi kama kuma sun shiga wuri ɗaya. Kamfanin Volkswagen yana ɗiga fenti mai launi a jikin sifirin don a bambanta su. Mu kuwa sai mu aika kasuwa a ce a kawo shokozoban Golf 3 da sifirin ɗinsa, a kawo na fetur, mu ɗaura. Gaban mota ya zauna ƙasa, tayoyi su yi gwame, bakinsu ya goce. Haka ma motar da aka cire mata injin fetur aka dasa na dizal aka bar mata tsohuwar ƙafa. Kuma a Golf 3, kusoshi biyun nan da ke haɗa shokozoba da ƙafa, a nan ake daidaita kwanciyar taya. Duk wanda ya kwance su ya mayar da ka, ya ɓata saitin ko bai sani ba. Ka riƙa yin alama kafin ka kwance, kuma duk da alamar a kai ta awo bayan an gama.

Maganar iska kuma. Mai faci zai sa maka 40 ko 50 in ba ka tsaya a kansa ba, wani ma zai nuna maka lambar da ke jikin taya ya ce ga shi a rubuce. Waccan lambar iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce. Abin da motar ke so yana jikin takardar da aka manna a bakin ƙofar direba ko a murfin tanki, kuma sau da yawa na dizal a gaba ya ɗan fi na fetur. Da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. In takardar da bar aka rubuta ta, bar 1 daidai yake da 14.5 a gejin mai faci. Ka sayi gejinka na kanka, ba shi da tsada.

Ka duba irin tayar ma. Bayan lambar girma akwai wata lamba, kamar 82 ko 86. Ita ce ke faɗin nauyin da taya ɗaya za ta ɗauka: 82 kilo 475 ne, 86 kuma kilo 530. Kada ka yarda a sa wa gaban dizal wadda ta gaza abin da kamfani ya rubuta. A cikin tayoyin Beljiyam kuma akwai masu hoton dutse da ƙanƙara a gefe. Na lokacin sanyin Turai ne, robarsu laushi gare ta, a zafinmu narkewa suke kamar man shanu. Lambobi huɗun ƙarshe bayan haruffan DOT da ke rubuce a gefen taya su ne mako da shekarar da aka yi ta. 2319 na nufin mako na 23 a 2019.

Akwai abin da ba za ka iya gyarawa da sifana ba, sai da baki. Direban nan yana cika but da buhuna har murfi ba ya rufuwa sai da igiya. Baya ya zauna, gaba ya ɗaga, saitin da aka yi mota ba kaya ya tashi daga aiki, kuma tayar gaba tana saurin sulɓewa wajen tashi. Ga murɗa sitiyari mota tana tsaye cik, ga faɗawa rami da gudu, ga hawa tudun rage gudu ba tare da sassautawa ba. In kuma ka ga tayar dama ce kaɗai ta ci gefen waje a motar da ke yawo cikin gari, ka tambayi yadda yake shiga shataletale, domin a dama muke tuƙi, zagayen hagu muke yi, nauyin duka a kanta yake sauka. Ka gaya masa da ladabi, ya girme ka, kuma da motar yake ciyar da iyali.

Gobe in Allah ya kai mu kai za ka duba ta, ni zan tsaya a bayanka. Ina zargin bushin ɗin baya na lowa am da kuma sifirin, amma kada ka ɗauki zargina ka fara da shi, ka bi tsarin daga farko. Tayoyin gaban nan sun gama aiki, tun da zane ya sauka ƙasa da milimita 1.6 ya kamata a cire su, balle yanzu da waya ta fito, kada ya koma Maraɗi a kansu. In ya sayo biyu, sababbin a baya za mu sa su, na bayan su dawo gaba, don kada bayan mota ya kufce masa a kwana in damina ta sauka. Zai yi gardama a kan wannan, ka bar ni da shi. Ka rubuta masa lambar mita a takarda, ya dawo bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000 mu musanya su. Ka zo da tef da alli.