Kankana Ba Ta Son Dogon Zama a Ɗaki

Ka ce da ni, "Maigida, tunda ga tire ga fitila, me zai hana in zuba irin kankana yau tare da na attaruhu mu huta?" To ɗana, mayar da kankanar nan cikin ledarta, yanzu fa muke cikin Maris.

Mu nan Winifeg, a Kanada, lissafin shuka ta baya muke faro shi. Raɓar nan mai daskarewa da dare ba ta sakinmu sai wajen ƙarshen Mayu, kuma kafin Satumba ta ƙare ta dawo. Abin da ke hannunmu wata huɗu ne, shi ma da ƙyar. Saboda haka sai ka tsaya a ranar dashe ka ƙirgo baya. Attaruhu nawa gare shi, sati 10 zuwa 12 yake so a ɗaki kafin dashe, wani lokaci ya yi sati biyu ko uku bai ko leƙo ba. Tumatir sati 6 zuwa 8. Kankana kuwa sati 3, in ta daɗe 4.

Saiwarta ce matsalar. Tumatir ko ka tuge shi ka binne har wuya, sabuwar saiwa zai fitar a jikin karansa. Kankana ba ta yafe wannan. In ta yi wata biyu a kofi, saiwar ta nannaɗe kamar gammo, ta fara yaɗo a kan tebur, ka kai ta fili ta zauna sati biyu tana fushi. Wadda aka shuka bayanta sai ta zo ta wuce ta. Shi ya sa nake ba kowacce kofinta, ƙwaya biyu, in sun fito in datse raunanniyar da almakashi, ba na cirewa. Farkon Mayu za mu shuka, mu dasa a farkon Yuni, kuma irin mai saurin nuna kamar Sugar Baby, wadda ke kaiwa cikin kwana 80 ko kusa da haka. Manyan nan da ka saba gani jibge a bakin titi a gida, sanyi zai riga su.

Attaruhun da za ka zuba yau, ɗumi yake so daga ƙasa, digiri 27 zuwa 30, don haka ɗora tiren a kan shimfiɗar ɗumama, wato tabarmar lantarki mai ɗumama ƙasar shuka. Da ya tsiro ka sauko da fitila dab da kansa, awa 14 zuwa 16 kullum. Hasken taga bai isa ba, sai ka ga tsiro ya zama zare yana rangaji. Ruwa kuma, na lura hannunka da nauyi. Tsoma yatsa, in da danshi ka bar shi, in ba haka ba gindin ya ruɓe, ka wayi gari duk sun kwanta.

Shekarata ta farko na kwashi tumatir daga ɗaki kai tsaye zuwa fili, da azahar ganyen ya yi fari fat kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Yanzu sai na yi kwana 7 zuwa 10 ina fitar da su inuwa, yau awa ɗaya, gobe biyu, har su saba da rana da iska.

Jeka wanke tiren nan da sabulu, na bara ne.