Amsa: Baba yana so ya bar maganin tsinka jini

Wa alaikumus salam ƴar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce lokotoro ya gano bugun zuciyarsa ba ya kan tsari, ya sa shi kan Sintrom, maganin tsinka jini, shi kuma yana so ya bari tunda ya ji sauƙi. Don Allah kar ki yarda.

Innata shekara 4 ke nan da wannan ciwo, nan Damagaram. In na ɗora yatsu biyu a wuyan hannunta sai in ji bugun ya ruga, ya tsaya, ya sake rugawa, alhali tana zaune tana tsinkar zogale. Ɗakunan sama na zuciya ne ke karkarwa maimakon su matse, jini ya kwanta ya daskare, gudan ya haura ƙwaƙwalwa. Haɗarin shanyewar ɓarin jiki yakan ninka wajen sau 5, ko mutum bai jin komi. Abin da maganin ke tsarewa ke nan.

Ku riƙa awon INR, wato awon da ke nuna saurin daskarewar jini, galibi ana son shi tsakanin 2 da 3. Zogale da rama suna iya rage ƙarfin Sintrom, amma ba a hana ci ba, kar dai a ci kwano guda yau a bari sati biyu. Abin da ya fi tayar mini da hankali ƙwayoyin masu talla ne: aspirin da diclofenac suna iya jawo zubar jini. Lokacin bazara Baba ya yawaita shan ruwa, maganar azumi kuma a tambayi lokotoronsa.

In bakinsa ya karkace, hannu ya saki ko magana ta harɗe, ku nufi babbar asibitin Zinder nan take, ko da tsakar dare ne.